Hannun Datti a Akushin Malam

Wanda duk ya saba bi ta bakin kasuwar Hunkuyi da rana tsaka a shekarun baya, da wuya a ce ya tsira daga Datti. Tsoho ne gajere kakkaura, mai faɗin kafaɗa, kullum yana gindin durumi kusa da masu awon hatsi da kwanon abinci a gabansa. Ko ya san ka ko bai san ka ba, da ka yi sallama zai ce, "Zo ka sa hannu." Kuma ba irin tayin nan ba ne na fatar baki, wanda mai yin sa ke fatan ka ce alhamdu lillahi ka wuce. Shi da gaske yake, har gefen rigarka zai riƙe. Ko mahauci ne kai da jini a farce, ko majemi da warin jima, bai dame shi ba, ga buta nan, ka wanke ka zauna. Har aka laƙaba masa Datti Sa-Hannu. Yara na dariya, manya na cewa ruɗin tsufa ne. To ba tsufa ba ne, abin yana da mafari.

Datti ɗan Malam Zailani ne, malamin da magidanta ke cika zaurensa da hantsi suna ɗaukar karatun littattafai. 'Ya'yan Malam maza biyu ne suka rayu. Babban shi ne Uwaisu, ɗan fari, wanda saboda kunya Malam bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan" ko "yaron nan", ko da Uwaisu ya yi gemu. Ƙaramin kuwa sunan mahaifin Malam aka sa masa, don haka ba a kiran sunan gatsal, sai aka riƙa ce masa Datti. Ai kuwa ya sha gata. Tun da aka yaye shi Malam ya zaunar da shi gaban akushinsa, wani baƙin akushi na itace da ya tsage a gefe aka ɗinke shi da waya. Malam kan ce, "Ni ba na cin abinci in bar ubana da yunwa." Gefen dama na Malam ne, gefen hagu na Datti, haka suka saba har Datti ya yi aure ya haifi nasa 'ya'yan.

Sai dai gata daban, karatu daban. Uwaisu ya zauna ya sha littattafai har ya fara karɓar wa Malam ɗalibai. Datti kuwa, Allah ya yi shi da kan da ba ya riƙe baƙi. Ya dai samu abin salla, aka fara masa littafin farko na tsarki, yana cikin babin ruwa ya sulale ya koma wurin masu matse rake a fadamar Kudan. Abin da Allah ya hana shi a takarda sai ya zuba masa a tafin hannu. Dokin da ke juya injin mazarƙwaila, in ya yi gardama ya ƙi tafiya, ko an karya masa sanda a baya ba zai motsa ba, amma Datti na dafa wuyansa sai ya sauke kai ya kama zagaye. Sa mai tunkuyi, jaki mai harbi, duk ɗaya ne a wurinsa. Malam bai taɓa goranta masa ba. Ya ce kowa da abin da aka ba shi, in dai ana salla.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, aka buɗe wata gonar gwajin dabbobi a dajin da ke tsakanin Makarfi da Gubuchi. Shugabanta wani Bature ne likitan dabbobi da bai bi 'yan'uwansa ya koma gida ba. Dogo ne siriri, kullum a duƙe kamar mai neman allura, ma'aikata suka sa masa Dogon Likita. Yana jin Hausa, irin ta Turawan da suka koya a littafi. Labarin hannun Datti ya kai masa, ya aika aka kira shi, ya ɗauke shi aikin riƙe shanu in za a yi musu allura. Aiki mai kyau, ba abin kunya a ciki. Matar Datti, Lantana, da yara suna gidan Malam a Hunkuyi, shi kuma duk ƙarshen wata ya hau keken haya ya je, ya kai gishiri da kananzir, ya zauna gefen hagu na akushi ya ci tuwonsa.

Ana nan sai wata safiya babbar mota ta shigo gonar da wani irin ihu a bayanta wanda Datti bai taɓa ji ba. Aladu ne, farare tas, an ɗauko su daga tashar jirgin ƙasa. Tun haihuwarsa bai taɓa ganin alade ido da ido ba, sunansa kawai yake ji a zagi. An ɗauki leburori daga kudancin Zariya don shara da ba su abinci, su ba ruwansu, sun saba. Amma akwai aiki ɗaya da ya gagare su. Likita yana son ɗibar jinin aladun, alade kuwa ba ya tsayawa a soke shi. Sai ya fito da wata na'ura mai kwalba da tiyo, a bakin tiyon akwai mazurari na gwangwani mai leɓen roba. Ruwan kwalbar yakan zama iska mai ɗan zaƙin ƙamshi, in aka kifa mazurarin a hancin dabba ta shaƙa sai barci ya kwashe ta, a yi abin da za a yi ba ta sani ba. Matsalar ita ce wa zai riƙe aladen har ya shaƙa. Ƙarti uku suka gwada, aladen ya watsar da su ya fasa kwalba.

Likita ya waiwaya ya ce, "Datti, zo ka taimaka, yau kaɗai."

Yau kaɗai! Kowa ya san yadda yau kaɗai ɗin manya take ƙarewa. Datti ya tsaya, ya tuna Lantana da ciki, ya tuna daminar bara da ba ta yi kyau ba, ya tuna tsohonsa da ya daina ganin rubutu sosai. Ya runtse ido ya dafa wuyan aladen. Shi kuma aladen, don neman magana, sai ya yi laƙwas kamar ɗan akuya. Daga ranar aikin ya zama nasa.

Nan fa Datti ya shiga uku. Ya san ba a cin alade, wannan ko yaro ya sani. Abin da bai sani ba shi ne hukuncin wanda ya taɓa shi, ga dalalar bakinsa har gwiwar hannu. Amsar tana nan a zauren ubansa, tambaya ɗaya ta isa. Amma da wane baki ɗan Malam Zailani zai ce, "Malam, ina rungumar alade"? Sai ya koma kan ɗan abin da kunnensa ya tsinta a wani wa'azin kasuwa tun yana saurayi, wai ƙazanta mai nauyi sai an wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya riƙe wannan gam. Ya zaga gonar yana neman ƙasa mai tsabta, ya samu wani farin rairayi mai laushi a gindin katangar garken farko, ya cika kasko ya ɓoye bayan ɗakin kaya. Kullum aka tashi aiki, Likita kan sa a tsoma mazurarin da hannuwa cikin ruwan magani. Datti yakan yi hakan, ya bari kowa ya watse, sannan ya zaga baya ya dirje hannuwansa da rairayin, ya dirje mazurarin ciki da waje tunda gobe ma shi zai riƙe shi, ya ɗauraye ya rataye. A ganinsa ruwan Bature yana kashe wari ne kawai, tsarki kuwa sai ƙasa.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ƙarshen wata ya je gida, aka kawo akushi, Malam ya wanke hannu ya ce, "Bismilla, Datti." Datti ya dubi hannunsa, ya dubi tuwon da tsohon zai kai baki, sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce cikinsa ne ke murɗa. Wata na gaba ya ce azumin nafila yake yi. Na gaba ya ce ya ci a hanya. Malam sai dai ya ci gefensa ya rufe akushin ya tura gefe, ya ɗan jima yana kallon ƙofar zaure. Datti ya ga wannan kallon, kuma ya yi masa ciwo ƙwarai. Kowane wata yakan ce wa kansa, wata mai zuwa zan faɗa masa, in ya yafe in sa hannu, in ya kore ni shi ke nan. Kowane wata kuma ya koma bai faɗa ba.

Da damina ta zauna sai ciwo ya ɓulla a garken farko. Aladu suka daina ci, bororo ya fito musu a hanci da tsakanin kofato, suna tafiya da gwiwa suna kuka. Likita ya duba ya ce ciwon baki da kofato ne, wanda Fulani ke kira boru, kuma ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce har madubin asibiti ba ya ganinta. Tsoronsa shi ne kada ya zama wani sabon iri ne da aladun suka zo da shi daga nesa, wanda shanun ƙasar ba su san shi ba. Ya ce ƙwayar tana bin takalmi, tana bin riga, tana bin hannu. In ta fita ta shiga rugagen Gubuchi da Furana, sai dai a yi ta jan gawar maruƙa. Aka rufe gonar. Aka ƙara jan waya layi na biyu, da fili tsakaninsu, aka ajiye ɗan doka a ƙofa. Abinci yana shiga, amma ko tsinke ba ya fita. Sharaɗin buɗewa ɗaya ne: sai wata ya cika cur babu dabbar da ta sake kamuwa.

Aka kashe na garken farko aka ƙone. Sauran garakan suna can nesa, kowa ya ce an gama. Sai ga ciwo a garke na uku. Aka koma farkon lissafi. Ana gab da cika wata, sai ga shi a na biyar. Dogon Likita ya zauna ya yi ta tunani, sai ya lura da wani abu da ya hana shi sukuni: duk aladen da ya kamu, sai ka tarar an shaƙa masa iskar barci kwanaki kaɗan kafin nan. Waɗanda ba a taɓa shaƙa wa ba kuwa lafiyarsu ƙalau, suna ta ƙiba. Ai sai mutumin nan ya rikice da murna. Ya ce ya gano abin da ba wanda ya taɓa ganowa, wato ƙwayar tana kwance a jikin aladen tana barci, iskar ce ke raunana jiki ta tashe ta. Don ya tabbatar, sai ya ware lafiyayyu, ya shaƙa wa rabi ya bar rabi. Waɗanda aka shaƙa wa suka kamu. Ya sake, suka sake kamuwa. Shi yana tara hujja, ma'aikata suna tara baƙin ciki, don kowane alade ya kwanta ƙofa ta ƙara nisa. Datti kuwa, da ya ga ciwo ya yi yawa, sai ya ƙara ƙaimi wajen dirza da ƙasa har tafin hannunsa ya tsattsage.

Gero ya yi kai, aka yanke shi, dawa ta fara ja, suna ciki. Daga bakin waya Datti yana hango mutane a gonakinsu, yana jin ƙamshin dahuwar rake in iska ta juyo daga fadama. Lantana ta haihu, a bakin ɗan doka ya ji, ba shi aka yi suna ba. Mutum da ƙafarsa da lafiyarsa, ga hanya yana gani, amma ba dama. Ya rame, ya daina hira, ko kukan aladun ya daina jin sa.

Ran nan da hantsi ɗan doka ya kira shi, wai yana da baƙo. Uwaisu ne tsaye bayan waya ta biyu, riƙe da keke, rawaninsa ya jiƙe da gumi. Suka gaisa daga nesa, gaisuwa mai tsawo, Datti a durƙushe. Sannan Uwaisu ya ce, "Malam ba shi da lafiya. Tun farkon kaka yake kwance, ƙafafu sun kumbura. Ba ya cin abin kirki. Kai yake tambaya."

Kafin Datti ya buɗe baki, wani alade ya tsala ihu daga garke, sauran suka amsa. Uwaisu ya saurara. Ya dubi gonar, ya dubi ƙaninsa.

"Datti, mene ne wannan?"

"Aladu ne, Yaya."

"Kai kake kiwonsu?"

"Riƙe su nake yi in za a sa su barci. Amma wallahi, Yaya, ban taɓa kwana da ƙazantarsu ba. Sau bakwai nake wankewa, da ƙasa, har abin da ake kifa musu a hanci. Dubi hannuna."

Uwaisu bai dubi hannun ba. Ya ce, "Ashe shi ya sa ka daina sa hannu a akushin Malam." Ya juya kekensa ya hau ko sallama babu. Datti ya daɗe a durƙushe a wurin har ɗan doka ya ce masa ya tashi rana ta yi zafi.

Ya ɗauka shi ke nan, an yanke shi daga gidan. Amma bayan kwana biyu sai ga Uwaisu ya dawo, fuskar nan a murtuke, kamar wanda aka aiko da saƙon da ba ya so. Ya ce, "Na gaya wa Malam. Ga abin da ya ce in faɗa maka, kuma ya ce kada in rage kada in ƙara. Ya ce tun da rani ya ji, a bakin masu kai dusa gonar nan. Jira yake ka tambaye shi. Ya ce ba ci kake yi ba, ba sayarwa kake yi ba, magani ake nema. Ya ce a karatunmu duk abin da ke da rai jikinsa mai tsarki ne, har yawunsa. Jini da kashi in sun taɓa ka, ruwa ya isa. Ya ce wa ya aike ka da ƙasa? Da ka zauna ka ƙarasa babin ruwa da ka huta. Da ya zo nan a maganarsa sai da ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi."

Datti ya kama wayar da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, yau zan tsallake. Ɗan dokan nan ba zai iya riƙe ni ba."

"Ya san za ka ce haka. Ya ce in gaya maka wanda annoba ta samu a wuri ba ya fita ya kai wa wasu. Shanun mutane amana ne. Ya ce in ka tsallake waya bai yafe ba. Ka zauna har a buɗe, yana jiranka."

Ka ji fa. Da, waya ce da ɗan doka suka tsare shi, waɗannan kuwa ƙaramin abu ne ga mai ƙarfin Datti. Yanzu maganar uba ce ta tsare shi, wadda ba a tsallakewa.

Washegari da safe ya ɗauko kaskon daga bayan ɗakin kaya zai zubar, tunda Malam ya ce ba amfani. Sai suka yi kiciɓis da Dogon Likita.

"Mene ne wannan, Datti?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe. Da ita nake tsarkake hannuna da mazurari, amma na daina."

"Mazurari? Kafin ruwan magani ko bayansa?"

"Bayansa. In kowa ya tafi."

"A ina kake ɗebo ta?"

Datti ya kai shi gindin katangar garken farko ya nuna masa farin rairayin. Likita ya duƙa ya duba. Ta ƙarƙashin katangar akwai 'yar kafa da ruwan wankin garken ke tsiyayowa, ya jiƙa rairayin, rana ta busar da samansa ya koma fari tas. Ta nan kuma leburori ke wucewa da takalmansu in sun fito daga wurin marasa lafiya. Likita ya kifa wani bokiti ya zauna a kai. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. A hankali ya yi masa bayani da 'yar Hausarsa: ruwan magani yana kashe ƙwayar, shi kuma Datti sai ya sake shafa ta a mazurarin, gobe a kifa a hancin lafiyayyen alade. Waɗanda ba a shaƙa wa iska ba, ba wanda ya kifa musu komai, shi ya sa suka tsira. Ya ce wataƙila iskar tana da nata laifin, wataƙila ba ta da shi, yanzu ba mai iya sani, aikin wata da watanni ya tashi a banza. Ya ce, "Ni ma da laifina. Na yi ta kallon alade ban kalli mazurari ba."

Datti bai ji rabin maganar ba. Abu ɗaya ya shiga kansa ya zauna: duk watannin nan da yake kuka da waya, shi ne yake ƙara rufe ƙofar da hannunsa kowace yamma, yana bismilla. Kuma shekaranjiya ma an shaƙa wa wasu biyu da mazurarin da ya dirje. Kafin mako ya zagayo bororo ya fito musu, aka koma farkon wata.

Wannan watan shi ne mafi tsawo a rayuwarsa. Ba a sake shaƙa wa kowa iska ba, ba aikin da zai ɗauke masa hankali. Kullum da safe yana bin Likita garke garke, yana leƙa hancin kowane alade, ɗan Malam Zailani yana yi wa aladu addu'ar lafiya da gaskiyarsa. Da rana ya koma bakin waya ya zuba wa hanyar Makarfi ido. Duk keken da ya ɓullo sai gabansa ya faɗi.

Wata ya yi rabi, sai ga Uwaisu da wani ƙunshi ɗaure a bayan keke. Ya miƙa wa ɗan doka, ɗan doka ya sa a kan doguwar gorar da ake tura kaya da ita, ya zura ta cikin waya. Datti ya kwance. Akushin Malam ne, baƙin nan mai ɗinkin waya. Ya buɗe, tuwon dawa ne da miyar kuka, ya huce a hanya. Gefen dama an gutsuri kaɗan, loma biyu ko uku, ga sawun yatsun tsohon nan a jikin tuwon, sirara, sun karkace saboda rawar hannu. Gefen hagu ba a taɓa ba.

Uwaisu ya ce, "Yau da safe ya ce a tuƙa masa. Ya daɗe bai nemi tuwo ba. Ya ci abin da ka gani, ya ce in kawo maka sauran. Ya ce ya gaji da cin abinci ya bar ubansa da yunwa."

Datti ya ce, "Yaya, in ya shigo nan ba zai fita ba. Itace ne, ƙone shi za a yi."

"Na gaya masa. Ya ce ya sani."

Datti ya zauna a ƙasa nan bakin waya. Ya wanke hannu da ruwan buta, sau ɗaya, ruwa zalla. Ya yi bismilla ya sa hannun nan mai tsaguwa a gefen hagu. Yana ci hawaye na zuba a miya, bai share ba. Ya cinye gefensa, ya tsaya yana kallon sawun yatsun, sannan ya haɗa da su ya cinye, ya suɗe akushin. Uwaisu yana tsaye bayan waya bai tafi ba sai da ya gama. A karon farko ya dubi hannun ƙaninsa, ya ce, "Ka riƙa shafa man shanu."

Malam Zailani ya rasu ranar wata Laraba, saura kwanaki kaɗan a buɗe ƙofa. Ɗan doka ne ya kawo labarin, lokacin har an rufe shi. Datti bai tsallake waya ba. Ranar da wata ya cika, aka haƙa rami aka tara duk abin da ke na itace da na tufa, aka zuba kananzir. Likita ya ga akushin a hannun Datti, sai ya kau da kai. Datti da kansa ya ajiye shi a kan tulin, ya tsaya har wutar ta ci, ba abin da ya rage sai 'yar wayar ɗinkin. Suka yi wanka da ruwan magani, aka ba su sabbin riguna, aka buɗe ƙofa. Ko saniya ɗaya ba ta kamu ba a rugagen da ke kewaye.

Bai koma gonar ba, ita ma ba ta daɗe ba aka rufe ta. Ya koma noman rake da riƙe wa mutane dabbobi masu gardama. Ya kuma koma zauren gidansu, ƙato da 'ya'ya, ya durƙusa gaban Uwaisu aka ɗora masa babin ruwa daga inda ya tsaya. Sai da ya shekara kafin ya kai ƙarshensa, ya kuwa kai. Ya rayu har ya ga jikokin jaririn da aka yi suna ba shi.

Abinci ne dai bai sake iya ci shi kaɗai ba. In aka kawo masa kwano ba kowa kusa, sai ya ɗauka ya fita bakin kasuwa ya zauna gindin durumi. Ya ci gefen hagu, ya bar gefen dama, yana duban hanya har wani ya yi sallama.